Takardar Ranar Farko a Ajin Ƙididdiga

A ranar farko, malamin ƙididdiga yakan raba wa sababbin ɗaliban jami'a takardar sharuɗɗa: halartar aji, ranar miƙa aikin gida, hana waya a ɗakin jarrabawa. A nan Nijar, yawancin ɗalibai abu ɗaya suke dubawa a cikinta, wato yadda za su sami 10 cikin maki 20 su tsallake.

Ni kuwa sharaɗin da na fi so a rubuta da manyan baƙaƙe shi ne: amsa ba bayani ba ta cin cikakken maki. Ga dalili. A ce gida 9 a wata unguwa kowanne yana samun sefa 10,000 a wata, na goman kuma 910,000. Idan aka haɗa aka raba 10, kowane gida ya tashi da 100,000. Lissafin daidai yake, amma ƙarya ya faɗa a kan gida 9. Ɗalibin da ya haddace ƙa'ida kawai zai rubuta 100,000 ya miƙa takarda. Wanda ya fahimta zai jera gidajen, ya ɗauki na tsakiya, ya ce 10,000.

Sai sharaɗi na biyu, wanda bai kamata a yi masa sassauci ba ko don zumunci: wanda aka aika kasuwa ya tambayo farashin tiyar gero, ya zauna a ɗaki ya ƙirƙiro alƙaluma, a ba shi sifiri. Gobe shi za a tura ƙauye ƙidayar jama'a, kuma da abin da ya rubuto za a yanke inda za a gina asibiti.