Zanen Barkwanci Ba Laifin Bulala Ba Ne

Jaridar takarda ba kasafai take isa Madachi ta ƙaramar hukumar Rano ba, amma zanen barkwancin siyasa yana isa a ranar da aka yi shi. Ta WhatsApp yake shigowa: ga wani babba da ƙaton tumbi, ga jar hula ta karkace, ga tsintsiya ta watse. A teburin mai shayi waya tana yawo hannu zuwa hannu, 'yan wannan ɓangare su kwashe da dariya, na wancan su ɗaure fuska suna jiran ranar ramuwa.

Tsokanar abokin hamayya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kano, sai dai da can da baki ake yin ta. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a 1950, mawaƙa irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja sun yi wa jam'iyyar NPC ruwan zambo da habaici, mawaƙan NPC kuma ba su kwanta ba. Da jam'iyyar PRP ta dare gida biyu a Jamhuriya ta Biyu, sunayen ɓangarorin kansu, Santsi da Taɓo, da zolaya a cikinsu. Abin da mai zane ya ƙara shi ne hoto, wanda ko marar karatun boko zai gane nan take.

Ingila ta ga irin wannan a zamanin Sarauniya Biktoriya. Mujallar Punch, wadda aka kafa a Landan a 1841, ta shafe shekaru tana tsokanar manyan abokan hamayyar majalisa biyu, Benjamin Disraeli na jam'iyyar masu ra'ayin riƙau da William Gladstone na masu sassaucin ra'ayi. Babban mai zanenta, John Tenniel, bai ƙyale kowannensu ba. Duk da haka, a 1893, Gladstone na kan kujerar firaminista, aka ba Tenniel lambar girma ta "Sir".

A Kano kuwa, a watan Nuwamban 2022, kotun majistare ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu na kwana 30, bisa laifin ɓata sunan gwamnan jihar na lokacin, Abdullahi Ganduje.

Masu goyon bayan hukuncin suna da hujja: mutunci madara ne, kuma akwai masu fakewa da raha suna zagin iyayen mutane ko ƙaga musu sharri. Wannan gaskiya ne, dokar ɓata suna ma domin irinsu aka yi ta. Amma zanen da ya nuna titin da aka yi alkawari ba a yi ba, ko ɗan majalisar da ya sauya sheƙa, magana ce a kan aikin da jama'a suka ba mutum amana. Wanda ya hau mota yana roƙon ƙuri'a a Rano, Kibiya da Bunkure ya yarda ke nan a duba aikinsa, har a yi masa dariya.

Zaɓen 2027 na ƙaratowa, zane-zanen za su ƙaru. Ya kamata jam'iyyun da ke biyan mawaƙa miliyoyi su caccaki abokan hamayya su daina kai wa 'yan sanda ƙarar yaron da ya zana ɗan takararsu a waya.