A Daina Sayen Moto da Ido

Akwai wata 'yar motar wasa mai rimot da ba a ƙera ta don tsere ba. Aikinta hawan duwatsu a hankali, taya bayan taya. Daga cikin sanannunta akwai Axial SCX24, wadda girmanta kashi ɗaya ne cikin 24 na motar gaske, da Traxxas TRX-4M mai kashi ɗaya cikin 18. Na san wani mai karatu ya riga ya taɓe baki, yana cewa me ya haɗa mu da wasan yara. To, ga iƙirarina: duk wanda ya iya zaɓar wa wannan abar wasa moton da ya dace, ya fi da yawa daga cikin masu sa hannu a takardar sayen injuna a Sharaɗa da Challawa da Bompai sanin abin da yake saya.

A jikin moton da SCX24 ke zuwa da shi an rubuta 88T, na TRX-4M kuwa 87T. Lambar tana nuna sau nawa aka naɗa wayar jan ƙarfe a cikinsa. Idan naɗin ya yi yawa, gudu zai ragu, amma kowace amfiya ta wuta za ta ba da ƙarfin murɗa mai yawa, motar ta yi rarrafe cikin natsuwa. Idan naɗin ya yi kaɗan, moton zai yi gudu, ya zuƙi wuta, ya yi zafi. Motoci marasa buroshi kuma da lambar KV ake gane su, wato juyi nawa suke yi a minti a kan kowane bolt. Mai 2,000KV a kan batir mai bolt 7.4 zai yi juyi kusan 14,800 idan ba ya ɗauke da kaya.

Sabon shiga yakan ga babbar lamba ya saya. Da ya taɓa rimot sai taya ta yi ta sulɓi a kan dutse, motar ta yi tsalle ta kife, haƙoran giya su karye. Gwani kuwa tambayoyi yake fara yi. Nawa ne nauyin motar? Yaya girman tayoyin? Amfiya nawa na'urar sarrafa gudu za ta iya jurewa? Sau da yawa yakan gano cewa moton ba shi da laifi, giya ce ke son canji.

Ƙa'idar guda ce, ko a tafin hannu ko a masana'anta: ƙarfin aikin moto shi ne ƙarfin murɗarsa a ninka da saurin juyinsa. Mu je kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa, inda zarto ke kuka tun safe. Wutar Najeriya tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, saboda haka moto mai sandar maganaɗisu biyu yana juyi kusan 2,900 a minti, mai huɗu kuma kusan 1,450. Dukansu za a iya rubuta musu kilowat 7.5, wato doki goma, amma mai huɗun ya ninka ɗan'uwansa ƙarfin murɗa. Sai dai a wurin ciniki tambaya ɗaya ake ji: “Doki nawa ne?”

Daga nan cutar “ƙaro doki” take farawa. Moto ya ƙone, maigida ya ce a sayo wanda ya fi shi, ba tare da an bincika abin da ya ƙone shi ba. Alhali dalilan sanannu ne. Idan ƙarfin wuta ya faɗi da kashi 10 cikin ɗari, ƙarfin murɗar moto yakan faɗi da kusan kashi 19, ya shiga zuƙar amfiya don ya ja kayan da ke kansa. Wani lokaci layi ɗaya ne cikin uku ya ɗauke. Wani lokaci garin katako ne ya toshe fankar da ke sanyaya shi, ko bel ya yi tsauri, ko kuma an tsallake na'urar kariya saboda tana yawan yanke wuta. Babban moto ba ya maganin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da yake ƙarawa shi ne asara. Moton da ke ɗauke da ƙasa da rabin kayan da aka ƙera shi dominsu yana ɓarnar wuta, kuma lokacin tashi yakan ja ninki shida ko bakwai na wutar da yake ci yana aiki. Shi ke nan janareta ma sai an sayo babba.

Za a ce mini wutarmu ba ta da tabbas, barin rara hikima ce. Na yarda da ɗan rara. Ninkawa kuwa tsoro ne da ake biya duk ƙarshen wata. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta kai kuɗin wutar rukunin Band A naira 225 a kan kowane yunit. A wancan farashin, injin da ke cin kilowat 7.5, awa goma a rana, kwana 26 a wata, ya sha yunit 1,950, kusan naira 439,000. Idan kashi 5 kacal na wannan yana tafiya a zafin banza, naira 22,000 ke nan a wata daga moto guda. A lissafa wa masana'antar roba ko ta jima mai moto talatin. Tun a 2011 hukumar makamashi ta duniya, IEA, ta ƙiyasta cewa motocin lantarki ke cinye sama da kashi 40 na wutar duniya. Mu kuwa muna kukan tsadar wuta, muna ƙin duba bakin da ke shanye ta.

Sai batun naɗin koyil. Ba na zargin masu wannan sana'a, domin su suka riƙe injunan Kano a raye shekaru da dama. Zargina yana kan mai injin da ke taya aikin kamar yana taya tumatir. Yawan naɗi da kaurin waya su ne halin moto, kamar yadda mai motar wasa ya sani tun daga lambar 88T. Idan aka matse mai naɗi ya sa siririyar waya, ko aka babbake tsohon koyil da wutar da ba a auna zafinta ba har rufin da ke tsakanin faifan ƙarfen ciki ya lalace, moton zai dawo yana juyi, amma ya koma mai zafi da cin wuta har ƙarshen ransa. Araha ba ta ado.

Kaso mafi girma na laifin namu ne, mu da muka yi boko. Jami'ar Bayero da ta Wudil da Kwalejin Fasaha ta Kano suna yaye injiniyoyi duk shekara, amma shawarar sayen moto tana hannun dillali da akanta. Gyaran ba shi da tsada. Kafin a sayi sabo, a maƙala mita a auna amfiyar da tsohon ke ja yana kan aiki. A karanta farantin da ke jikinsa gaba ɗaya, har da juyi da ajin ingancinsa, IE1 ne ko IE3. A nemi mai naɗi ya rubuta yawan naɗi da lambar waya kafin ya kwance, a kuma biya shi kuɗin aiki mai kyau.

Yaron unguwa da ke ciro ƙaramin moto daga mataccen rediyo yana ɗaura wa motar gwangwani, a daina korarsa da cewa ɓata lokaci yake yi. Ranar da motarsa ta kasa hawa tudun yashi ya zauna yana tunanin dalili, ya fara karatun da manyansa suka tsallake. A ba shi batir da waya, a bar shi ya ƙona moto biyu ko uku. Nasa kuskuren na 'yan ɗaruruwan naira ne, namu kuwa da albashin ma'aikata ake biyansa.