Kiwon sikalof a Japan: wurin da ka zaɓa shi ne abincin

'Yan uwa manoma, a bazarar 2023 ruwan teku ya yi zafi a mashigin Mutsu da ke arewacin Japan, ƙananan sikalof masu ɗimbin yawa suka mutu, masu kiwo suka tafka asara. Labarin na nesa ne, amma akwai abin da za ku ɗauka a ciki.

Sikalof halitta ce ta teku mai ɓawo biyu, siffarta kamar mafici, ana cin tsokar da ke tsakiya. Ba wanda ke saya mata abinci. Ruwa take zuƙa ta tace ƙananan tsirrai masu yawo da ido ba ya gani. Ke nan abincinta ya dogara ne kacokan a kan inda aka ajiye ta.

Idan ƙasan tekun yashi ne da tsakuwa, kuma ruwa na gudu, kullum sabon abinci na zuwa. Idan taɓo ne, laka na toshe mata matata, ta ɓata ƙarfinta wajen kakkaɓewa, girma ya tsaya. Irin na Japan kuma mai son sanyi ne: da zafin ruwa ya haura digiri 20, cin abinci ya fara ja baya.

Hanyoyin kiwo biyu ne. A Mutsu ana rataye su a igiya ko keji a tsakiyar ruwa. Sukan yi saurin girma, sai dai in aka cika keji, abinci ba ya isa, kuma zafi na saurin cim musu. A gaɓar Okhotsk ta tsibirin Hokkaido kuwa, warwatsa iri ake yi a ƙasan teku. Ƙungiyoyin masunta kan raba wurin kashi huɗu. Kafin su zuba iri, sai su kwashe dabbar nan mai siffar tauraro da ke cinye sikalof. Kashi ɗaya kawai ake girbewa a shekara, sauran ukun a bar su su girma. Ƙauyen Sarufutsu, wanda kamun wuce gona da iri ya taɓa talautawa, da wannan tsari ya farfaɗo.

To, ina ruwanku? Mai kiwon tarwaɗa ya san idan ruwan kududdufi ya lalace, ko buhu nawa ka zuba kifi ba zai ci ba. Kafin ƙungiyarku ta ciyo bashin abinci, ku duba ruwan: daga ina yake zuwa, sau nawa ake sauya shi, kifi nawa ke ciki, yaya yake a watan Afrilu in rana ta take? Sannan ku yi yarjejeniya kan lokacin kwasa, kowa ya tsaya a kanta. Mutum ɗaya ya karya ta, kowa zai ji a aljihunsa.