Fentin da ke riƙe da injin ruwa

Da na je hutu gida Tambuwal, na iske famfon solar unguwarmu ya tsaya, ƙannena na jigilar jarka safe da yamma. Da aka zaro sumo daga rijiya, mai gyara ya shinshina ya ce, "Koyil ne ya ƙone." Kunya ta kama ni, ina ɗalibin injiniyan lantarki amma ban taɓa tambayar mene ne ke ƙonewa ba.

Ashe ba tagullar ba ce, ita sai zafi ya haura digiri 1,000 take narkewa. Abin da ke mutuwa shi ne siririn fentin da aka shafe wayar da shi don kada zare ya taɓa ɗan'uwansa. Fentin aji-aji ne: ajin B na jure digiri 130, F 155, H kuwa 180. Ƙa'idar injiniyoyi ita ce, duk ƙarin digiri 10 bisa ƙima yana raba rayuwarsa biyu.

Wannan damuwa ce ke hana masu ƙera jiragen ruwa na lantarki barci. Jirgin fiton Ampere da ya fara aiki a Norway a 2015 da batir yake tafiya, injinan Queen Mary 2 guda huɗu kuwa a ƙarƙashin ruwa suke rataye. Ga gishiri, ga laima, ga girgiza, kuma babu mai gyara a tsakiyar teku. Shi ya sa ake naɗe wayoyin manyan injina da ma'adinin mika, a zuƙe iskar ciki, a ɗura ƙaron epoxy ya cike kowane gurbi, sannan a gasa.

Mu ba mu da teku, amma muna da zafin Afrilu. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, sola ce ke jan hankalin manoman rani, har a fadamun Kebbe. Sumo kuwa ruwan rijiya ne ke sanyaya shi, idan ruwa ya ja baya aka bar shi yana juyi, fentin ne zai gasu.

Don haka idan Baba ya aike ka wurin mai naɗin waya, kada ka tsaya kan ciniki kaɗai. Tambaye shi ajin wayar da zai sa, kuma ko zai gasa banish ɗin ya bushe. Namu an zaɓi naɗi mai arha, wata biyu ya yi.