Wa Zai Fitar da Yaron Daga Fili?



Akwai wani irin ƙwallo da Amurkawa ke ji da shi, wanda ake ɗauka a hannu a ruga da shi, abokan hamayya kuma su yi karo da mutum har su kayar da shi ƙasa. Yara 'yan shekara shida ko bakwai ma suna sa hular kwano su shiga fili. Shekaru da dama iyaye suna ganin hular ta isa kariya. Ba ta isa ba. Ƙwaƙwalwa tana zaune ne cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai. Idan aka yi karo, ƙoƙon ya tsaya cak, ita kuwa ƙwaƙwalwar ta ci gaba da tafiya ta bugi ƙashi daga ciki. Hula tana hana ƙashi fashewa, amma ba ta hana wannan girgiza. Sau da yawa kuma babu jini, babu suma, yaro zai miƙe ya karkaɗe rigarsa kamar babu abin da ya faru.

Wanda ya tona wannan magana a fili ɗan ƙasarmu ne, Dakta Bennet Omalu daga jihar Anambra, wanda a lokacin yake aikin likitan binciken gawa a birnin Pittsburgh. A 2002 ya duba ƙwaƙwalwar Mike Webster, shahararren ɗan wasan da ya mutu yana da shekara 50 bayan ya yi fama da ruɗewa da mantuwa. Ya gano lalacewar da ake kira CTE, wadda yawan bugun kai ke jawowa sannu a hankali, ya buga bincikensa a 2005. Likitocin hukumar NFL suka nemi a janye rahoton. Daga baya, a 2017, masu bincike a Boston suka duba ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan wasan NFL 111 da suka mutu, suka sami cutar a 110. Gaskiya ne iyalan da suka riga suka ga alamun ciwo ne suka fi ba da ƙwaƙwalwar mamatansu, don haka adadin bai nuna halin kowane ɗan wasa ba. Duk da haka ba adadi ba ne da uba zai ji ya yi barci.

Amma abin da ya fi shafarmu shi ne na yara. A 2006, a jihar Washinton, Zackery Lystedt, ɗan shekara 13, ya bugi kansa a ƙasa yana wasa. Ya huta kaɗan, aka bar shi ya koma. A ƙarshen wasan ya yanke jiki ya faɗi, jini ya taru a kansa, aka yi masa tiyata, ya rayu amma da naƙasa. A 2009 jihar ta yi doka da sunansa: duk yaron da ake zargin ƙwaƙwalwarsa ta girgiza a fitar da shi nan take, kuma ba zai dawo ba sai da takardar ma'aikacin lafiya. Kafin ƙarshen 2014 kowace jiha a Amurka ta yi irin wannan doka.

Ku lura da abin da dokar ta yi. Ta cire hukunci daga bakin yaro. A ganinmu nan ne hikimar take. Tambayi yaro ɗan shekara 13 ko zai iya ci gaba, abokansa na kallo, 'yan mata na waƙa a bakin fili, me kake tsammani zai ce? Zai ce lafiya lau yake. Kan da ake tambaya shi ne kan da ya bugu.

Wani zai ce, Pasto, ai mu ba ma buga ƙwallon Amurka. Haka ne. Amma a gasar zumuntar matasa muna buga ƙwallon ƙafa a kan ƙasa mai tauri kamar siminti, musamman da rani. Yara biyu su tashi sama neman ƙwallo, kai ya haɗu da kai. Mai tsaron gida ya bugi ƙarfen raga. Me muke yi? A zuba masa ruwan leda a ka, a ce, “Tashi, kai namiji ne.” Wani dattijo ma ya ɗora masa hannu ya yi addu'a, a tura shi ciki. Addu'ar daidai ce, mu ci gaba da yi. Turawar ce kuskure. Lokacin da Shaiɗan ya kai Ubangijinmu Yesu kan ƙololuwar Haikali ya ce ya dira, tun da mala'iku za su tare shi, Yesu ya ƙi, domin ya san bambancin dogara ga Allah da gwada Allah. A Maimaitawar Shari'a 22:8 kuma, an umarci mai gina gida ya kewaye soronsa da katanga, don kada alhakin jinin wanda ya faɗo ya hau gidansa. Mai gida aka ba umarnin, ba baƙon da ya hau soro ba. Ikilisiyar da ta shirya gasa ita ce mai gidan.

Ba mu ce a daina wasa ba. Ƙwallo ya raba yaranmu da yawa da zaman banza da ƙwaya, ya kuma kawo waɗansu sujada waɗanda wa'azinmu bai kawo ba. Abin da muke roƙo shi ne kafin gasa ta gaba kowane kwamiti ya naɗa babban mutum ɗaya, ba kocin kowane ɓangare ba, wanda in ya ce yaro ya fita, ya fita ke nan. A kusan kowace ikilisiya akwai nas ko ma'aikacin lafiya, a roƙe shi. Yaron da ya bugi kai yana jin jiri, ko ciwon kai, ko gani biyu-biyu, ko ya kasa faɗin wace ƙungiya ake karawa da ita, ya gama wasa a ranar, ko da wasan ƙarshe ne. A gaya wa iyayensa, kada a bar shi ya hau babur shi kaɗai. Idan yana ta amai, ko ciwon kan yana ƙaruwa, ko ya yi jijjiga, ko yana barcin da ke da wuyar tashe, a kai shi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.