Larabawan Isra'ila: Tallafin Da Ake Ba Su Da Dama A Karɓe Da Hagu

Jama'a, duk lokacin da aka tuhumi gwamnatin Isra'ila da nuna wariya ga Larabawan da ke cikin ƙasarta, sai masu kare ta su zaro hoton wani saurayi Balarabe zaune gaban kwamfuta a birnin Nazarat, su ce wai ga shaida, ana tafiya tare. Mu ba mu ce hoton ƙarya ba ne. Abin da muke so shi ne a juya bayansa mu ga abin da aka rubuta.

Larabawan nan, Musulminsu da Kiristansu da Duruzawansu, su ne kusan kashi 21 cikin 100 na mutanen ƙasar. Zuriyar Falasɗinawan da ba su bar gidajensu ba ne a 1948, kuma sun zauna ƙarƙashin mulkin soja har 1966. Sana'ar fasahar zamani ita ce saniyar tatsar Isra'ila, domin ita ke kawo kimanin rabin abin da ƙasar ke sayarwa a waje. Amma rabon Larabawa cikin ma'aikatanta bai wuce wajen kashi 2 cikin 100 ba.

Kada wani ya ce mana rashin ilmi ne. A Technion ta Haifa, jami'ar da ke yaye manyan injiniyoyin ƙasar, kimanin ɗaya cikin kowane ɗalibai biyar Balarabe ne. Johny Srouji, wanda ya jagoranci ƙera ƙwaƙwalwar na'urorin kamfanin Apple, Balaraben Haifa ne, kuma a can ya yi karatu. Imad da Reem Younis sun kafa Alpha Omega a Nazarat tun 1993, suna ƙera kayan aikin tiyatar ƙwaƙwalwa. A asibitoci kuwa, inda takardar shaida ke magana, Larabawa sun cika fagen likitanci da harhaɗa magunguna. Ashe ba a nan gizo ke saƙa ba.

Gizon yana saƙa ne a barikin soja. Da yawa daga cikin masu kafa kamfanonin fasaha a Isra'ila sun fito ne daga rundunonin leƙen asiri, musamman wadda ake kira 8200. A can suke koyon aiki, a can suke sanin juna, kuma in sun tuɓe kaki sai wannan ya ɗauki wancan, wancan ya kai shi wurin mai jari. Mafi yawan Larabawa ba sa shiga soja, kuma ba abin mamaki ba ne mutum ya ƙi ɗaukar bindiga a kan danginsa. To, yaron da ya ci jarrabawa da kyau, amma ba shi da wanda zai ce "na san shi", ina zai nufa? Ga kamfanonin sun taru a Tel Abib da kewayenta, shi kuwa yana Galili ko Nagab.

Gaskiya ne gwamnati ta taɓuka wani abu. A 2010 ta sa hannu a asusun jari na Al Bawader. Hukumar ƙirƙire-ƙirƙire ta ƙasar ta fito da tsarin da ke biya wa Balarabe mai sabon kamfani har kashi 75 cikin 100 na kuɗin aikinsa a shekarar farko. A 2015 aka zartar da Ƙuduri na 922, na fiye da shekel miliyan dubu 10 cikin shekara biyar, a 2021 kuma na 550, na shekel miliyan dubu 30, bayan jam'iyyar Mansour Abbas ta shiga gwamnatin haɗaka. Injiniyoyi Larabawa da ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba lokacin da aka kafa ƙungiyar Tsofen a 2008, sun zama dubbai. Waɗanda ke yi wa waɗannan samari da 'yan mata kallon 'yan amshin shata ba su yi musu adalci ba. Haraji suke biya, haƙƙinsu suke karɓa, ba sadaka ba.

Sai dai ku da kuka fara aiki a ofisoshin gwamnati kun fi kowa sanin bambancin kuɗin da aka rubuta a takarda da kuɗin da aka saki. A watan Agusta na 2023 ministan kuɗi Bezalel Smotrich ya riƙe shekel miliyan 200 na ƙananan hukumomin Larabawa, wai za su faɗa hannun 'yan ta'adda da miyagu, sai da aka yi yajin aiki da zanga-zanga. A kasafin 2024 an zabtare kashi 15 cikin 100 na shirin Larabawa, alhali sauran ma'aikatu kashi 5 aka rage musu. Wane mai jari ne zai zuba dukiyarsa a inda sauyin minista ɗaya ke iya rufe famfo?

Akwai kuma abin da tallafi ba ya taɓawa, wato ƙasa. Ƙaramar hukuma a Isra'ila tana samun kuɗin shiga mai tsoka ne daga harajin masana'antu da ofisoshi. Garuruwan Larabawa an ƙwace musu filaye, abin da ya jawo Ranar Ƙasa ta 30 ga Maris 1976 da aka kashe mutum shida, don haka yawancinsu ba su da isasshen wurin da za su kafa unguwar masana'antu. Ba masana'anta, ba haraji. Ba haraji, makaranta ta lalace. Kashin dankali ke nan, na sama ya danne na ƙasa. A Nagab har yanzu akwai ƙauyukan Badawiyyawa da gwamnati ba ta yarda da zamansu ba, ba a ja musu wutar lantarki ba, amma ana yi wa 'ya'yansu wa'azin kafa kamfanin intanet. A 2018 kuma dokar da ta ce Isra'ila ƙasar Yahudawa ce ta sauke Larabci daga matsayin harshen hukuma.

Saboda haka in wani ya sake zuwa zauren muhawararmu da hoton saurayin Nazarat, mu tambaye shi nawa aka saki daga cikin miliyan dubu 30 ɗin nan, eka nawa aka mayar wa garuruwan Larabawa don kafa masana'antu, kuma Larabawa nawa ne ke zaune a kujerun da ake yanke shawarar wanda za a ba jari.