WANDA BAI BUƊE LITTAFI BA, DA WANE BAKI ZAI YI MASA HUKUNCI?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, wanda Ya girmama alƙalami har Ya yi rantsuwa da shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan wata shi ne wani al'amari da ya auku a wata makarantar Islamiyya ta matan aure a ƙasar Tambuwal. Wani malami, ɗan'uwanmu a da'awa, wanda ba mu shakkar kyawun niyyarsa, ya hangi wani tsohon littafin Hausa a jakar wata ɗaliba. Ya karɓe shi, ya ɗaga a gaban aji, ya ce ga irin gubar da ke kashe aure. Bayan an tashi muka tambaye shi: "Malam, ka karanta shi kuwa?" Ya ce Allah Ya tsare shi.

Littafin nan shi ne Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu. Labarin wata yarinya ne da aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho bisa dole, ta sha wuya, daga baya ta koma neman ilimi har ta zama mai amfani ga danginta. Ita kuwa ɗalibar ta shaida wa malamarsu cewa wannan littafi ne ya sa ta roƙi mijinta ya bar ta ta dawo karatu bayan haihuwa huɗu. Ashe dai abin da ya kawo ta ajin shi aka ɗaga a ajin ana tsine masa. Inna lillahi!

INA DALILI?

Ya ku 'yan'uwa, da me aka san mu? An san mu da tambaya ɗaya: ina dalili? Shekara da shekaru muna gaya wa jama'a cewa "an ce" ba hujja ba ce, "mun tarar ana yi" ba hujja ba ce. To, yaya aka yi da aka zo kan littattafan Hausa muka zama shugabannin masu "an ce"? Wane ya ji daga wane cewa littattafan soyayya fasadi ne, shi ke nan, an yi musu kuɗin goro. Wannan shi ne taƙalidancin da muke yaƙa, ya sake riga ya shigo mana gida. Aya ta 6 a Suratul Hujurati ta umarce mu da bincike kafin mu yi aiki da labari. Aya ta 36 a Suratul Isra'i ta hana mu bin abin da ba mu da ilimi a kansa. Aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta wajabta mana adalci ko ga wanda muke ƙi. Ba mu ga inda aka toge marubuci daga wannan adalci ba.

ABIN DA MASU KARATU KE FAƊI

A zagayen wa'azin da muka yi bayan haka, daga Tambuwal zuwa Dogon Daji da Sanyinna, har muka gangara Kebbe da Kuci, mun riƙa tambayar mutane littafin da ya fi tsaya musu a rai, da dalilin haka. Matanmu suka yi wa mata irin wannan tambaya.

Wani dattijo a Kebbe, tsohon malamin firamare, ya ce shi kam babu kamar Ruwan Bagaja, ya shiga ba mu labarin Malam Zurƙe yana dariya har da hawaye, sannan ya rufe da la'antar littattafan yaran yanzu. Muka tuna masa cewa gwanin nasa, Alhaji Imam, da zamba da yaudara ya ci garuruwa. Ya yi shiru, can ya ce ai wannan wasa ne. Wani saurayi ya ce Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa ne ya fara sa shi jin zafin bauta, domin bai taɓa mantawa da uwar da ta keta hamada tana neman ɗanta ba. Wata bazawara ta ce da aka karanta mata Alhaki Kuykuyo Ne, inda maigida ya kori uwar 'ya'yansa tara saboda amarya, ji ta yi kamar a tsakar gidanta aka zauna aka rubuta shi. Wata kuma ta ce ta tsani In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, domin yarinyar labarin ta faɗa rijiya a kan soyayya, kuma tana tsoron 'ya'yanta su ɗauki hakan jarumta. Ƙanwarta ta ja da ita, ta ce laifin na manyan da suka fifita dukiya a kan hali ne, kuma abin da marubucin ke nunawa ke nan.

Ku duba waɗannan 'yan'uwa mata biyu. Sun saɓa, amma kowace ta karanta, kowace ta kawo hujjarta daga cikin littafin. Wallahi muhawararsu ta fi kusa da tafarkin ilimi bisa hukuncin malamin da bai buɗe ko bango ba.

SHUBUHOHI UKU

Masu haramta ƙagaggen labari ɗungurungum suna kafa hujja da abu uku. Na farko, aya ta 6 a Suratu Luƙman, wadda ta zargi mai sayen zancen shagala. Malaman tafsiri da dama sun ambaci cewa ta sauka ne a kan Nadru ɗan Harisu, wanda ya riƙa kawo labaran Farisawa domin ya janye mutane daga sauraron Alƙur'ani. Illar da ayar ta ambata ita ce ɓatar da mutane daga hanyar Allah. Duk littafin da ya yi wannan aiki ya shiga zargin. Wanda ya mayar da mace makaranta fa, ta ina ya shiga?

Na biyu, sun ce ƙarya ce. Ƙarya ita ce ka ba da labarin abin da bai faru ba domin a gaskata ka. Mai karanta Magana Jari Ce bai taɓa zaton aku ya yi wazirci ba. Kuma ga Muƙamatul Hariri, muƙama hamsin, ana karantar da ita a zaurukan ƙasar nan tun zamanin kakanni, alhali kowa ya san Abu Zaidin da ke cikinta ƙagagge ne, mayaudari kuma. Wane malami ya ƙone ta?

Na uku, sun ce akwai zancen so a ciki. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya faɗa a Ida'un Nusuki cewa a wurin yayansa Shehu Usmanu ya karanci waƙoƙin mawaƙan jahiliyya shida, kuma duk wanda ya san Imru'ul Ƙaisi ya san abin da ke ciki. Sun karanta da idon ilimi, suka tsinci harshe, suka zubar da dusa. Tambuwal ɗin nan mazaunin Muhammadu Buhari ɗan Shehu ce, malami mai tsara waƙa da Larabci. Abin kunya ne a ce a garinsa ake gudun littafi kamar kuturta.

GUBAR TANA NAN

Kada wani ya ce mun wanke kowane littafi. Akwai guba, kuma mun gan ta da idonmu. Akwai masu siffanta shimfiɗar aure dalla-dalla suna kiran abin wayar da kai. Akwai masu sa boka ya biya wa mace bukata, labari ya ƙare ba ta ga sakayya ba. Akwai masu koya wa budurwa cewa mijin kirki shi ne mai gidan bene da mota, har ta raina manomin da zai riƙe ta da mutunci. Waɗannan muna yaƙar su, da sunan littafi da lambar shafi.

Masu karatu su ma suna da nasu laifi. Da yawa idan ka tambaye su ra'ayinsu sai su ce "ya yi daɗi", iyakarta ke nan. Daɗi ba ma'auni ba ne; guba ma a cikin zuma ake ba da ita. Mai karatu Musulmi ya tambayi kansa: da na rufe littafin nan, me ya ƙawata mini, me ya muzanta mini? Ya hana ni salla a kan lokaci? Zan yarda 'yata ta ji shi a gabana?

WUTAR KANO TA ISHE MU DARASI

A shekarar 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta tara littattafan Hausa a wata makarantar 'yan mata a Kano aka cinna musu wuta. Shin rubutun ya tsaya? Ya ƙaura ne kawai. A da littafi yana da sunan marubuci da na maɗaba'a, ana sayar da shi a fili, uwa na iya tsintar sa a ƙarƙashin katifa. Yau yana cikin waya, ana tura shi shafi-shafi ta WhatsApp, ana karanta shi da murya a YouTube, har wadda ba ta iya baƙi ba tana saurare tana tuƙa tuwo, sau da yawa ba a ma san wanda ya rubuta ba. Wace wuta za ta ci wannan? Katanga ɗaya ta rage, ita ce mai karatu mai iya rarrabewa da kanta. Ƙwace da tsawa kuwa ɓoyo suke koyarwa.

Shehu Usmanu ya zargi malaman zamaninsa a Nurul Albabi da barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u ta tsara waƙoƙi da Hausa da Fulatanci, ta tura jajis ƙauyuka suna koyar da mata da su. Ba ta tsaya ga hani ba, abin karantawa ta ba su. Marigayi Shaikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya yi elemantare a Dogon Daji, ya fassara Alƙur'ani da Hausa domin talaka ya karanta da kansa. Mu fa, me muka rubuta wa matan Kebbe? Mun hana su ruwan gulbi, ba mu haƙa musu rijiya ba.

KIRANMU

Na farko, kada wani mai wa'azi a cikinmu ya sake hawa mumbari ya soki littafin da bai karanta ba. Na biyu, kowace Islamiyyar mata ta ware zama ɗaya a wata, malama da ɗalibai su ɗauki littafi guda su auna shi da ma'aunin shari'a, kowace ta faɗi ra'ayinta da hujjarta ba tare da tsoro ba. Na uku, masu baiwar rubutu a cikinmu su rubuta labarin da za a karanta don so, domin wa'azin da aka yafa wa rigar labari ba ya wuce shafi uku a hannun yarinya. Na huɗu, ɗan'uwanmu malami ya mayar wa baiwar Allah nan littafinta, ya nemi afuwarta a gaban ajin da ya kunyata ta. Komawa ga gaskiya ba ta rage girman malami.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya shiryi marubutanmu da masu karatunmu, Ya tsare harsunanmu daga hukunci ba da ilimi ba. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.